Wasiƙa daga bakin Kogin Haɗeja

Haɗeja, Jihar Jigawa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan jama'ar Zango. Mu nan sai godiyar Allah. Mai ɗakina tana gaida mai ɗakinka, ta ce a faɗa mata goron da ta aiko ya iso lafiya lau, an rarraba wa dangi, kowa ya sa albarka.

Wasiƙarka ta same ni. Ka tambaye ni gaskiyar labarin da ya iske ka har Kumasi, wai tun da na ajiye alli na koma bakin ruwa da sandar fatsa. Gaskiya ne, Malam, kuma ban taɓa samun natsuwa irin wadda nake samu yanzu ba. Na san abin da ya sa ka yi mamaki. A wurinmu su sana'a ce ta gado, mai yin ta yana yi ne don ya ci da iyalinsa, fatsa kuwa an bar wa yara. Dattijon da bai gaji su ba, kuma ba yunwa ce ta kore shi zuwa ruwa ba, dole a yi ta kallonsa. Da farko masunta sun ɗauka bincike aka turo ni. Da suka ga kullum ga ni, ba na tambayar kowa kuɗin da ya samu, sai suka sake da ni. Yanzu in ban fito ba har gida ake aiko yaro ya duba ko lafiya.

Bari in ba ka yadda safiyata take. In an idar da sallar asuba sai in zaga bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, in tono tana in zuba a gwangwani da 'yar danyar ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa: gora siririya, zaren roba, ƙugiya, ɗan gutsuren dalma, sai totuwar kara da nake ɗaurawa a zare don ta yi yawo a bisa ruwa. Ina fita da keke, in bi ta cikin gonakin shinkafa, raɓa tana jiƙa mini ƙafar wando, har in isa wata lanƙwasa inda kogi ya rage gudu a ƙarƙashin wata giyayya. Nan nake shimfiɗa buhu in zauna, in juya wa rana fuska don kada inuwata ta faɗa ruwa. Masunta ne suka koya mini wannan, kuma ba banza Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma ba.

Duk ilimin fatsa yana kan totuwar nan. Idan ta riƙa rawa ƙanana-ƙanana, tana nutsewa tana tasowa, ƙarfasa ce take tsakurar tana, kuma in ka yi gaggawar fizga ƙugiya za ta fito fayau. Sai ka bari ta ja totuwar gefe guda tukuna. Tarwaɗa ba ta da wannan wasan. Totuwa za ta yi shiru, ta yi shiru, sai kawai ta ɓace ƙasa gaba ɗaya, gora ta lanƙwashe, ka ji nauyin har kafaɗa. Ƙurungu kuwa sai ka fito da shi za ka san shi ne, don yana fitowa yana gurnani, ya miƙe ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, ya kafe su. A nan ake bukatar hankali: ka dafe shi ta bayan ƙayoyin gefe, yatsa ɗaya nan ɗaya can, sannan ka zare ƙugiya. Wanda ya kama shi da garaje zai kwana da zogi. Minjirya ma takan zo jefi-jefi, ita kuwa ba a taɓa ta da hannu, wutar jikinta takan girgiza babba balle yaro. Ka tuna yadda muke zuga junanmu mu taɓa ta muna yara?

Ba na kamawa fiye da abin miyar rana ɗaya. Wani lokaci in dawo da huɗu ko biyar, wani lokaci in dawo da gwangwanina kawai, kuma duk ɗaya ne a wurina. Ƙananan ina mayar da su. Akwai ranar da na kama wata ƙarfasa, ina zare ƙugiya sai na ga bakinta cike da ƙwai, rawaya-rawaya, kamar tsabar gero. Haka Allah ya yi ta: uwar ce ke ɗaukar ƙwan a baki har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito, in suka ga abin tsoro bakinta suke komawa. Na sa hannu biyu na mayar da ita a hankali. Tun ranar nake duba bakin kowace ƙarfasa kafin in jefa ta a ƙwarya.

To, ga abin da na fi so in faɗa maka, wanda zaman bakin ruwa ya fahimtar da ni, alhali na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa ban gan shi da idona ba. Kifin ƙasarmu ɗan ambaliya ne. Idan ruwa ya sauko daga sama a watan Agusta da Satumba, kogi ya cika ya fantsama cikin fadama, kifi yakan bi shi ya shiga ciyawa. Can yake zuba ƙwai, can 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. Kifin bargi har sheƙa yake yi da ciyawa a ruwa marar zurfi. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara ja da baya, sai kifin ya biyo shi ya dawo kogi da tafkuna ya yi ƙiba, lokacin ne masunta ke cika kwalekwale. Inda ruwa ya janye manomi ya shuka wake, in an girbe Fulani su sauko da shanu. Gaiwa kuma ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta, ta yi watanni a ƙasa busasshiya tana jiran damina. Fadama ɗaya, amma masunci da manomi da makiyayi kowa da lokacinsa, kuma zuwan ruwa da tafiyarsa ne ke raba musu.

Wannan tsarin ne ya gurɓace. Ka san an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, muna samari, sannan ta Challawa a 1992. Ba zan ce ba su yi amfani ba, don Kano tana shan ruwansu, kuma noman rani na Kadawa da Kura da ruwan Tiga ya tsayu. Amma mu da ke ƙasa mun ga canji. Ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi ta tafi a kan lokaci ta ragu, sai ga ruwa yana gangarowa kaɗan-kaɗan har cikin rani, wuraren da a da suke bushewa ƙaƙas suka daina bushewa. Abin da kacalla ke so ke nan. Malam, in ka ga yadda ciyawar nan ta cinye hanyoyin ruwa tsakanin nan da Nguru, sai ranka ya ɓaci. Ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus, kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Tana tare yashi da laka har hanyar ruwa ta toshe, ruwan ya rasa inda zai bi sai gonakin mutane da gidajensu, can ƙasa kuma wajen Gashuwa ana neman sa. A cikinta jan-baki ke kwana, gari na wayewa su sauka a kan shinkafa da gero. Na ga mutanen ƙauyuka sun haɗa gayya, sun shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda suna yanka, ga sauro ga matsattsaku. Ana kawo injin yankanta lokaci-lokaci, ana samun sauƙi, amma saiwarta tana ƙasa, in aka yi sake sai ta dawo. Kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos shi ne har yanzu ba a datse ba, shi ke kawo ambaliya irin ta da, kuma ina roƙon Allah duk abin da za a yi a kansa a tuna da mutanen fadama.

Sai dai ba zan ɗora wa madatsa komai ba. Akwai abin da muke yi da hannunmu. Gidan sauron da ake rabawa don kare yara daga zazzaɓi, wasu sun mayar da shi taru. Idonsa ƙanana ne, ba ya barin komai, har kifin da bai kai ɗan yatsa ba yana kwashewa, a shanya a tabarma a sayar da mudu. Wasu kuma, Allah ya shirye su, maganin ƙwari suke zubawa a tafki da dare, da safe su tsince abin da ya taso, su kai kasuwa mutane su ci. Wannan ba su ba ne, ɓarna ce, kuma ina faɗa a gaban kowa. Na san talauci ne ke tura da yawa daga cikinsu, na san yaran da ke jan gidan sauron nan, wasu ma ɗalibaina ne a da. Shi ya sa ba na zaginsu. Nakan kira su in nuna musu abin da ke cikin ƙwaryarsu, in tambaye su nawa zai zama in an bar shi wata shida.

Sarkin ruwan ƙauyen da nake zuwa dattijo ne mai magana ɗaya. Har yanzu akwai tafkin da yake hanawa tun daga janyewar ruwa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya buɗe. Ranar kuwa gari duka ake fitowa, da koma da gora, mata a bakin gaɓa da kwanduna, kuma abin da ake samu a yini ɗaya a tafkin nan ya fi na tafkunan da aka bari sake nesa ba kusa ba. Ka ce ka ga bikin Argungu a waya, ka ga giwan ruwan da mutum biyu ke ɗauka. To, sirrin ke nan. Bikin da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba don yawan masu koma yake ba da manyan kifi ba. Kogin Matan Fada, inda ake bikin, ana tsare shi ne, ba a su a wurin sai ranar biki. Abin da kakanninmu suka sani ne, kuma bai bukaci kuɗin kowa ba.

Kada ka ɗauka duk baƙin labari ne. Ruwan nan yana da rai har yanzu. Kasuwar kifi ta Haɗeja tana cika, ana ɗaure banda a kwalaye ana lodi zuwa kudu. In hunturu ya shigo tsuntsaye na zuwa daga Turai, sun ƙetaro hamada, su sauka a fadamun Baturiya da Dagona su haɗu da namu na gida, kirinjijiya da dinya da zalɓe. Da yamma in suka tashi gaba ɗaya sai ka ajiye gora ka bi su da kallo. Akwai wani zalɓe da ke tsayawa a tsallaken inda nake zama, ya fi ni haƙuri nesa, kuma ban taɓa ganin ya sari ruwa a banza ba. Wajen hantsi matan Fulani kan biyo ta hanyar da ƙoren nono, in sayi fura in sha a inuwa, mu gaisa da masu zuwa gona. Hawan jinin da ya dame ni shekarun baya ya lafa, ina shan magani yadda likita ya ce, amma na san tukin keke da iskar fadama sun taimaka.

Ka rubuto cewa kifin Yeji da ake kawo muku daga tafkin Volta yana da daɗi, ban musa ba. Amma ina so ka zo ka ci tarwaɗar da ka kama da hannunka, a yi maka farfesunta da daddawa da citta a gidan nan. Ka daɗe ba ka zo ba, Malam, kuma tsararrakinmu suna ta raguwa. Ka yi ƙoƙari ka zo tsakanin Nuwamba da Janairu: ruwa ya ja, hanya ta bushe, sauro ya ragu, kifi ya yi mai, tsuntsaye sun iso. Ka taho da autanka. Yaron da aka haifa a Kumasi, yana jin Hausa da Asante amma bai taɓa ganin fadamar kakanninsa ba, ya kamata ya shiga kwalekwale ko sau ɗaya, ya ga shinkafa a cikin ruwa, ya ji gurnanin ƙurungu. Na riga na yanke gora biyu na jingine a zaure suna bushewa, doguwa taka, gajeriya tasa. Sarkin ruwa ma na ba shi labarinka, ya ce in zuwanku ya dace da buɗe tafki, shi da kansa zai ba yaron koma.

In za ka taho ka riƙo rigar sanyi, don asubar hunturu a bakin kogi ba irin ta Kumasi ba ce. Ka sanar da ni ranar da za ku taso, sai in sa babban ɗana ya tarye ku a Kano.

Ka gaida Malam liman na unguwarku da duk 'yan uwa mutanen Haɗeja da ke can. Yara suna gaida babansu. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Naka har kullum,
Amininka