Amsa ga ƙanena kan bindigar da zai fara saya da dala 700

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar taron Sallah a Houston ka yi mini tambaya a gaban jama'a, na ce ka dakace ni in rubuto maka, don na ga ba kai kaɗai ke jiran amsar ba. Ka ce ka tara dala 700, kana son bindigarka ta farko don harbin saiti a fili da 'yar farauta in lokacinta ya zo, kana son irin wadda ke ɗura wa kanta harsashi, kuma abokan aikinka sun ce kada ka tsaya wata-wata, AR-15 kawai za ka ɗauka, wato doguwar bindigar nan mai kama da ta sojojin Amurka.

Ni dai shawarata ka sayi ƙarama mai cin harsashin .22 LR, in so samu ne Ruger 10/22, sauran kuɗin kuma su tafi a harsashi da wurin ajiya da koyo. Amma kafin mu kai kanti, sai mun duba takardunka, domin a nan ne mutanenmu suka fi jefa kansu cikin wahala.

A dokar tarayyar Amurka, ɗan ƙasa da mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, suna iya sayen doguwar bindiga a hannun dillali mai lasisi daga shekara 18. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara kuwa, asalin hukuncinsa haramci ne, ko riƙe ta bai halatta gare shi ba, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da doka ta yi, wadda aka fi sani a cikinsu ita ce mallakar lasisin farauta mai aiki. Ban tambaye ka matsayinka a cikin mutane ba, kuma ba zan tambaye ka a nan ba, kai ka san kanka. A kanti za a ba ka fom mai lamba 4473 ka cike, dillalin ya tura sunanka ga tsarin bincike na FBI da ake kira NICS, wanda ke aiki tun 1998. Ƙarya a wannan fom laifi ne babba. Saya wa wani da sunanka ya fi shi muni: tun dokar 2022 ɗaurinsa kan kai shekara 15. Na faɗi wannan ne don na san halinmu na kunya. Wani ɗan'uwa da takardunsa ba su cika ba zai ce, don Allah tunda za ka je, ka karɓo mini tawa. Ka ba shi haƙuri. Laifin bindiga na daga cikin waɗanda ke sa a kori mai girin kad ma daga ƙasar, ba ruwansu da yawan shekarun da ya yi.

Sannan kowace jiha da nata tsarin. Mu a Texas abin da sauƙi. 'Yan'uwanmu na Bronx a birnin New York da za su karanta wannan wasiƙa kada su ɗauka da su nake: tun Satumbar 2022 jihar New York ta ce sai da lasisi kuma sai mai shekara 21 zai sayi doguwar bindiga mai ɗura wa kanta, birnin kansa kuma yana da nasa izinin daban. Florida ta ɗaga shekarun zuwa 21 tun 2018. Illinois da Washington sun hana sayar da samfurin AR-15 a 2023, California kuwa ta daɗe da ƙuntata shi. Don haka in aiki zai iya mayar da kai wata jiha, ka sa wannan a lissafi. 10/22 yadda take fitowa daga masana'anta, da gindinta na katako da gidan harsashi mai cin goma, tana shiga kusan ko'ina ba tare da rigima ba.

Wani dattijo a wurin taron ya ce ai mai ɗura wa kanta ita ce bindigar sojoji mai ɓarin wuta. Ba ita ba ce. Wadda kake nema, duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne ke fita. Abin da take yi da kanta shi ne tofar da ɓawon da ya ƙone ta ɗauko sabo. Mai ɓarin wuta in ka danne kunama tana ƙarƙashin wata doka ta 1934, kuma tun 1986 aka rufe yi wa sababbinta rajista ga farar hula.

To me ya sa na ce .22? Saboda iya harbi ba ya zuwa sai da yawan harbi, yawan harbi kuma kuɗin harsashi ne. A 'yan shekarun nan harsashin .22 LR, in ka saya da yawa, bai cika wuce senti 10 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. Na AR-15, wato 5.56 ko .223, yana kaiwa senti 40 zuwa 50. Ka je fili ranar Asabar ka harba 200: da ƙaramar ka kashe abin da bai kai dala 20 ba, da babbar ka doshi dala 100. Mai albashi irin naka zai jure na farko duk mako. Na biyun kuwa sau biyu zai yi, ya jingine bindigar a kabad ya riƙa nuna wa baƙi hotonta a waya. Irinsu da yawa na gani a fili, bindiga mai tsada a hannu, amma a yadi 50 sun kasa tara harbi biyar wuri guda.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Sabon maharbi jikinsa na tsoron ƙara da tokarin kafaɗa. Tun kafin harsashi ya fita sai ya runtse ido, ya fizgi kunama, bakin bindiga ya sunkuya. Shi bai san yana yi ba, kuma in wannan ɗabi'a ta zauna, cire ta ya fi koyon farko wuya. Gaskiya AR-15 ba ta da tokari mai zafi, amma ƙararta mai tsanani ce, balle a fili mai rufi inda amo ke dawo maka. Ita .22 kusan ba ka jin motsinta, sai hankalinka ya koma kan abin da ya kamata: numfashi, daidaita saiti, matsa kunama a hankali har harbin ya fita ba ka fizga ba. Ba a fara koyon tuƙi da tirela.

Harsashin nan tsoho ne, tun 1887 ake yin sa, kuma har yau babu wanda ake harbawa a duniya kamarsa. Ƙanƙantarsa kada ta yaudare ka. Yana kisa sarai, kuma a jikin kwalinsa za ka ga gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan fiye da mil guda.

Ita 10/22 kamfanin Ruger ya fito da ita a 1964, an ƙera miliyoyinta, sunan ma daga harsashi goma da lambar .22 ya samo asali. Nauyinta bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba, gidan harsashinta na juyawa ne kuma yana shigewa ciki ba ya leƙowa, sabuwa kuma tana kamawa wajen dala 300, ta ɗan haura ko ta ɗan sauka gwargwadon samfuri da kanti. Abin da ya sa na fifita ta ba wai ta fi kowace kyau ba ne. Kayan gyaranta ne ke ko'ina, kowane mai gyaran bindiga ya san cikinta, kuma in ka gaji da ita gobe za ka sami mai saya ba tare da ka yi asara mai yawa ba. Tana da nata aibin. Kunamarta da ɗan tauri, saitin ƙarfen da take zuwa da shi bai dace da mai raunin ido ba, kuma samfurin da aka saba da shi ba ya tsayawa a buɗe in harsashi ya ƙare, sai ka ji ƙyas ka gane. Duk ana zama da su.

In kuɗin sun matse, Savage 64 da Mossberg 702 da Rossi RS22 duk sun fi ta araha kuma suna aiki, sai dai kayansu ba su kai nata yawa ba. Marlin 60, wadda ta fito a 1960 mai bututun harsashi a ƙarƙashin baki, bindiga ce mai saiti ƙwarai, amma tun da Ruger ya sayi Marlin a 2020 bayan karyewar Remington, kamfanin da ke da Marlin ɗin a da, ta hannu ce ake samu. In ta hannu za ka saya, ka je da wanda ya sani, kuma ka bi ta wurin dillali ko da dokar Texas ba ta tilasta hakan tsakanin mutum da mutum ba. Rasit da bincike kariya ce gare ka. In kuwa siffar AR ce ta shiga ranka, kamfanin Smith & Wesson na da M&P15-22, jikin AR ne da maɓallansa amma .22 take ci. Ta fi 10/22 tsada, kuma wasu daga cikin jihohin da suka hana AR sun haɗa da ita.

Kada ka ji kamar ina kushe AR-15. Ƙirar Eugene Stoner ce a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, aka sayar wa Colt a 1959, da haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare kuma kamfanoni barkatai suka shiga yin ta, shi ya sa yau ake samun mai kyau a dala 500 zuwa 700. Matsalar ita ce kuɗinka ke nan gaba ɗaya. Wasu ma ba sa zuwa da abin saiti ko kaɗan, sai ka sake saya. Ka fito kanti da bindiga, ba harsashi, ba akwati, ba kuɗin malami. In shekara ta zagayo ka ga harkar ta kama ka, ka saye ta a matsayin ta biyu, kuma a lokacin ka duba abin da aka rubuta a jikin bakinta: wadda aka yi wa 5.56 tana cin .223, amma wadda aka yi wa .223 zalla ba a sa mata 5.56.

Ragowar dala 400 ɗinka, ga inda zan kai su in ni ne. Akwatin ƙarfe mai makulli tukuna, wanda za a ɗaure da bango, tun kafin bindigar ta shigo gida. Kana da yara ƙanana, kuma gidajenmu ba sa rabuwa da 'ya'yan baƙi. A Texas barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da 17 zai kai gare ta laifi ne in har ya ɗauka. Kuma ka san fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka kashe kansu. Makulli da ajiye harsashi a wani wuri daban na sa tazara tsakanin mutum da mummunar sa'a. Ka yi shawara da maiɗakinka ma kafin ka saya, gidan na ku biyu ne. Sai abin toshe kunne da tabarau, ko da .22 ce, don ji in ya tafi ba ya dawowa. Sai maɗauri na rataya, da gidan harsashi guda biyu na ƙari, da kayan goge baki, domin .22 harsashi ne mai datti, kuma yawancin cijewar da za ka gani daga datti ne ko daga harsashi mai arha da bindigar ba ta so. Ka gwada iri biyu ko uku kafin ka sayi kwali babba. Harsashin CCI Mini-Mag bai cika ba da matsala ba. Madubin saiti ya jira tukuna. Abin da ya rage ka biya kuɗin aji. Akwai shirin Project Appleseed da ke koyar da harbi a mita 25 cikin kwana biyu a kusan kowace jiha, kuɗinsa kaɗan ne, kuma yawancin masu zuwa da 10/22 suke zuwa. Suna haɗawa da tarihin yaƙin 'yancin Amurka na 1775, ka saurara, ba zai rage ka da komai ba.

Abu guda game da mai ɗura wa kanta da nake so ya zauna maka tun yanzu: cire gidan harsashi ba ya nufin ta zama fanko. Guda na iya kasancewa a ciki, a ɗane. Ka cire gidan, ka ja sakata baya, ka leƙa da idonka, duk lokacin da ta shigo hannunka ko da yanzu ka ajiye ta. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka yi saiti, baki kuma ba ya kallon abin da ba ka yi niyyar harbi ba. Wannan ma ba sai Bature ya koya mana ba, hadisi ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa.

Batun farauta kuwa, .22 ta zomo ce da kurege. Dokar Texas ta hana harbin barewa da irin wannan harsashi, kuma daidai ne, don raunata ta zai yi ta tafi ta mutu a wahale. Ranar da ka kai ga barewa, bindigar da za ka nema daban ce, kuma ba lallai ta zama mai ɗura wa kanta ba. Za ka buƙaci lasisin farauta, kuma tunda bayan 2 ga Satumba 1971 aka haife ka, sai ka yi kwas ɗin mafarauta na jiha. Kusan duk ƙasar Texas ta masu gonaki ce, ba a faɗa wa daji haka kawai kamar yadda aka saba a gida. Ko izinin mai fili, ko izinin farauta a filayen gwamnati irin dajin Sam Houston da ke arewa da mu. Ka yi bisimilla in za ka harba, ka riƙe wuƙa don yanka wanda ka tarar da sauran rai.

Wani ya ja ni gefe bayan taron yana tambaya ko za a iya sa irin wannan a kwantena zuwa gida saboda halin da ake ciki na 'yan bindiga. Na san zafin da ya sa shi tambayar, ni ma ina da dangi a can. Amma fitar da bindiga daga Amurka ba da lasisin fitarwa ba laifin tarayya ne, an ɗaure mutane a kansa, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 na jiran ta a tashar jirgin ruwa. Wadda ka saya a nan, a nan za ta zauna.

Kafin ka biya ko sisi, ka zo mu je fili wata Asabar. Yawancin filayen harbi na bayar da haya, sai ka harba 10/22 da AR ɗin a jere ka ji da kafaɗarka da kunnenka. Ka taho da katin shaidarka da takalmi rufaffe, abin toshe kunne ina da na ƙari. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Yayanka a Houston