Kun Ƙarasa wa Charlie Lawson Maganar da Shi Kansa Bai Ƙarasa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan labarin da kuka buga a shafinku na tarihi, na manomin nan na Amurka, Charlie Lawson, wanda ya kashe matarsa da 'ya'yansa shida ranar Kirsimetin 1929, sannan ya kashe kansa. Jikata ce ta karanta mini shi daga wayarta, don idona ya daina shiri da ƙananan baƙaƙe. Da ta kai ƙarshe, inda marubucinku ya ce dalilin kisan shi ne abin kunyar da uban ya aikata da babbar 'yarsa Marie, sai na ce mata, "Tsaya, 'yar nan, maimaita mini wurin." Ta maimaita. Babu "an ce", babu "ana zargi". Haka nan aka ajiye maganar kamar hukuncin da alƙali ya riga ya sa wa hannu.

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina rajistara a kotu kafin in ajiye aiki. Tambayar da na fi rubutawa a rayuwata ita ce wadda alƙali ke fara jefa wa mai shaida: "Da idonka ka gani, ko ji ka yi?" Labarin gidan Lawson kuwa ba baƙo ba ne a wurina, na daɗe da karanta shi, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya mini a rai saboda shari'a ce da ba a taɓa zama an yi ba. Wanda za a tuhuma ya mutu, waɗanda za su yi shaida ya kashe su.

Ga abin da ba a jayayya a kansa. Lawson manomin taba ne a kusa da ƙaramin garin Germanton, a gundumar Stokes ta jihar Karolina ta Arewa. Ya auri Fannie a 1911, suka haifi 'ya'ya 8, ɗaya ya rasu yana yaro a 1920. Sun yi shekaru suna noma gonar wani, irin noma-mu-raba ɗin nan, sai a 1927 ya samu ya sayi tasa. Ana gab da Kirsimetin 1929 ya kwashi iyalin kaf zuwa birnin Winston-Salem, ya saya wa kowa sababbin kaya, ya kai su gidan hoto. Ga manomi irinsa a wancan zamani, wannan ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. Hoton yana nan har yau, ku ma kun buga shi: manya a tsaye a baya, ƙanana a zaune a gaba, jaririya a hannun uwarta. Mutane sukan ce sun ga mugunta a idon uban. Ni dai na duba na sake dubawa, abin da na gani magidanci ne da ya sa kayan fita ya ƙame a gaban mai hoto, kamar yadda iyayenmu suke ƙamewa. Sai bayan an san ƙarshen labari ake ganin alama a fuska.

Ranar 25 ga Disamba ya aiki babban ɗansa namiji, Arthur, mai shekara 16, cikin gari. Bayan fitarsa ne ya tare 'yan matansa biyu, Carrie mai shekara 12 da Maybell mai 7, a kusa da rumbun busar da taba, suna kan hanyar zuwa gidan baffansu. Daga nan ya koma gida ya kashe Fannie, mai shekara 37, da Marie mai 17, da James mai 4, da Raymond mai 2, da Mary Lou, jaririyar wata 4. Ba zan maimaita yadda aka yi ba, marubucinku ya riga ya yi, har ya wuce gona da iri. Abin da ya tsallake shi ne yadda aka tarar da su: an harɗe musu hannuwa a ƙirji, an tallafe musu kai, kamar wanda ya kwantar da yara barci. Shi kuma ya shiga daji, ya yi sa'o'i a can. Jama'a sun riga sun taru a gidan sa'ad da suka ji ƙarar bindiga daga cikin itatuwa. Da aka je, aka ga sawunsa ya kewaye wata bishiya, alamar ya daɗe yana zagayawa. An sami rubutu a tare da shi, guntaye, ba ko ɗaya da ya kai ƙarshe. Ɗaya ya fara maganar abin da damuwa ke jawowa, ya tsaya. Ɗaya ya fara cewa babu wanda za a ɗora wa laifi sai, nan ma ya tsaya.

To, Malam Edita, mutumin da ya fi kowa sanin dalili ya ɗauki alƙalami, ya yi sa'o'i shi kaɗai, ya kasa ƙarasa layi ɗaya. Ku kuma, bayan shekara casa'in da ɗoriya, kun ƙarasa masa shi a sakin layi guda.

Maganar da kuka mayar hukunci, daga ina ta fito? Ba a takardun 1929 take ba. Ta bayyana ne a wani littafi da aka wallafa a 1990, shekara 60 da 'yan watanni bayan kisan, kuma jigonta abin da wasu dangi da makusanta suka ce sun ji manyansu suna faɗa, wai uban ya yi wa Marie ciki. Babu takardar likita da ta nuna Marie tana da ciki. A kotun da na yi aiki, da an kawo wannan, alƙali zai ce a rubuta, sannan ya ce ji ne, ba gani ba. Ban ce ƙarya ce ba. Irin wannan ta'asa tana faruwa a cikin gidaje, a can da nan, kuma sau da yawa dangi ne ke rufe ta da sunan rufin asiri, na ga irinta da idona a gaban shari'a. In gaskiya ce, an zalunci yarinyar nan sau biyu a hannun mutum ɗaya. In kuwa ba gaskiya ba ce, to mu ne muke zaluntar ta, muna jingina wa 'yar shekara 17 abin da ba ta da bakin karewa. Ba banza ba addininmu ya tsananta a kan ƙazafi har ya nemi shaidu huɗu. Da kun rubuta "wasu dangi sun yi zargi", da ban ɗauki biro ba.

Kuma ba wannan ne kaɗai zaton da aka yi ba. Watanni kafin abin, Lawson ya ji rauni a ka wajen aiki, wasu na kusa da shi suka ce tun daga nan halinsa ya sauya. Shi ya sa aka kai ƙwaƙwalwarsa asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore aka bincika, ba a ga wani abu da ya saɓa ba. Sai dai binciken wancan zamani ne, kuma ba kowace cutar hankali ce ke barin tabo a nama ba. Masu cewa talauci ne suna nuni da faɗuwar kasuwar hannun jari ta Oktoban wannan shekarar, amma manoma nawa ne suka shiga matsi a lokacin ba su taɓa ko kazar gidansu ba? Duk waɗannan kun bar su, kuka ɗauki wanda ya fi yaji.

Abin da ya fi damuna a labarin, kuma shi ne ya sa nake ganin ya dace da ku 'yan jarida, shi ne abin da ya biyo bayan jana'iza. Dubban mutane suka halarta. Mutum 8 aka binne a kabari ɗaya, cikin akwatuna 7, don jaririyar a hannun uwarta aka sa ta. Ba a jima ba ɗan'uwan Charlie, Marion Lawson, ya buɗe gidan ga 'yan kallo, kowa ya biya santi 25 ya shiga. Hujjar da aka bayar ita ce a tara wa Arthur abin da zai riƙe gonar. Ban isa in yanke wa mutumin hukunci ba, maraya ne a gabansa da bashi. Amma ku dubi 'yan kallon. Marie ta gasa kek na Kirsimeti da zabibi a kai, ba wanda ya kai ga yanka shi. Aka bar shi a inda yake, sai masu shigowa suka riƙa tsintar zabibin ɗaya bayan ɗaya suna sawa a aljihu, su tafi da shi gida su nuna. Har sai da aka kife kek ɗin da murfin gilashi. Kafin shekara ta zagayo an yi wa kisan waƙa an naɗe ta a faifai. Shi kuwa Arthur, wanda aka ce don shi ake karɓar kuɗin, haɗarin mota ya kashe shi a 1945, yana ɗan shekara 31, ya bar mata da 'ya'ya 4. Ko me ya sa uban ya aike shi ran nan? Tausayi ne, ko tsoron saurayi mai ƙarfi da zai iya riƙe masa hannu? Shi ma bai sami mai ba shi amsa ba.

Da jikata ta ji zancen zabibin sai ta yamutsa fuska ta ce, "Kai, Kaka, Turawan nan ba su da imani." Na ce mata ta bi a hankali, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shekarun baya a unguwarmu aka wayi gari an tarar da wata mata da 'ya'yanta uku sun rasu a ɗaki. Ina cikin waɗanda suka fara isa, don gida biyu ne tsakaninmu. Muna ƙoƙarin neman mayafin da za a lulluɓe su, sai na ɗaga kai na ga samari a kan katanga, kowa da waya a hannu. Wani har ya ce mini, "Baba, ɗan matsa kaɗan." Uwar mijin tana ƙauye, a wayar maƙwabcinta ta fara ganin jikokinta, kafin ɗan aike ya isa. Kafin azahar dalili uku na yawo a gari: wasu sun ce kishiya ce ta sa guba, wasu sun ce aljanu, wasu sun ce mijin ne saboda bashi. Da likitoci suka gama aikinsu, hayaƙin janareta ne da aka kunna a lungun ɗaki aka rufe taga saboda sanyi. Wannan bayanin bai yi tafiyar da na farko ya yi ba. Kishiyar, baiwar Allah da ta yi wa yaran nan wanka da hannunta tun suna jarirai, sai da ta bar unguwar, don ko gidan biki ta shiga mata sai su janye kwanukansu. Har yau akwai masu kiran ta da abin da ba ta yi ba.

Mu namu ma an gano dalilin, duk da haka bai wanke ta ba. Ina ga wanda ba a gano ba?

Ban ce ku daina kawo irin waɗannan labarai ba. Ni kaina mai son su ne, kuma akwai amfani a cikinsu: da marubucinku ya tsaya a kan maganar sauyin halin Lawson, da wataƙila wata mai karatu ta tuna da mijinta da ya daina barci, yake zama shi kaɗai yana maganganu, ta kai shi asibiti maimakon a ce iska ce za ta wuce. Amma taken da kuka sa, da hoton da kuka zagaye fuskar Marie da jan layi, da wancan sakin layi na ƙarshe, duk ba wa mai karatu zabibi ne ya sa a aljihu. Kuma a duk tsawon labarin sunan uban ya fito ban san sau nawa ba, na Marie ya fito saboda zargin, sauran kuwa "yaran" kawai aka kira su.

Roƙona biyu ne. Ku gyara wancan sakin layi, a shafin da kuka buga shi, da baƙaƙe masu girman na farko, ku ce zargi ne da ya fito a 1990 kuma ba a tabbatar da shi ba. Sannan ku rubuta sunayen Carrie, Maybell, James, Raymond da Mary Lou a ƙarƙashin hoton, ku cire jan layin. Na gaya wa jikata ta riƙa duba mini shafin kowane mako.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu,
Tsohon rajistaran kotu, daga Zariya