Wasiƙa daga Faris a kan tsofaffin fastocin gidajen wasa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayarka game da hoton da ka hango a bangon ɗakina ranar da muka yi magana ta bidiyo.

Kwafi ne na fastar da mai zanen nan na Faransa, Toulouse-Lautrec, ya zana wa gidan rawa na Moulin Rouge a 1891, kuma na saye shi da arha wurin masu tsofaffin littattafai a bakin kogin Seine. Ta asalin kuwa, wadda tsayinta ya kusa mita biyu, sai gidajen tarihi da masu hannu da shuni.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba domin a adana su aka buga waɗannan fastoci ba. Takarda ce marar ƙwari da ake mannawa, ruwa ya dake ta, wata ta zo ta rufe ta. Dokar Faransa ta 29 ga Yuli 1881 ce ta sassauta manna takardu a tituna, a lokacin da Jules Chéret, wanda ya zana fastoci sama da 1,000, ya riga ya gwanance wajen bugu da allon dutse, inda kowane launi yake da nasa dutsen. Da fastar da Alphonse Mucha ya yi wa 'yar wasa Sarah Bernhardt ta fito a Janairun 1895, har bin dare mutane suka riƙa yi suna ɓamɓaro ta daga bango.

Ni dai, a matsayina na ɗalibin tarihi, shaidar da ke jikinsu ta fi kuɗinsu daraja a wurina. Mai rawar da ke cikin hotona, Louise Weber, wadda ake yi wa laƙabi da La Goulue, ta rasu cikin talauci a 1929, kuma da ba don wannan takarda ba, da wuya a yau a tuna da ita. Wani dillali ya nuna mini cewa domin bambance fasta ta asali da kwafi, sukan duba sunan maɗaba'a da tambarin haraji, sannan su sa gilashin ƙara girman abu, domin sabon bugu yakan nuna ɗige-ɗige. Nawa ya nuna su sarai.

Idan Allah ya kai mu hutu, zan je Albi, garin da aka haifi Lautrec, in ga na asali a gidan tarihinsa. Ka gaishe mini da Baba da kyau.

Naka amini.