Rashin Barci Ba Abin Kai Wa Kemis Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana kan masu kwana ido biyu. Mutum ya kwanta tun ƙarfe 10, yana ta juyi a katifa har a kira assalatu bai runtsa ba, gari na wayewa ya nufi kemis a ba shi diazepam, wadda ake ce wa D5. Makon farko barci ya zo. Kafin a ankara jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, ranar da ya daina kwatsam kuma rashin barcin ya dawo fiye da na da, wani har da jijjiga. Shi ya sa likitoci ba sa son a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan ta. Wanda ya daɗe a kai, a hankali ake rage masa.

Idan abin ya kai dare 3 a mako har wata 3, yana kuma hana mutum sukuni da rana, ya zama ciwo, kuma sau da yawa tare yake tafe da ciwon damuwa ko fargaba. Farkawa ƙarfe 3 na dare da ƙuncin zuciya, barci ya ƙi dawowa, alama ce da ba ma wasa da ita.

Maganin da ake farawa da shi horo ne na mako 6 zuwa 8. A tsayar da lokacin tashi guda, asuba ta wadatar, ko da yaya aka kwana. Kada a hau gado sai barci ya cika ido. In an yi kamar minti 20 bai zo ba, a sauko a zauna cikin ɗan haske, ban da latsa waya, sai gyangyaɗi ya fara a koma. Ƙwaƙwalwa ce ta saba haɗa gado da zullumi, wannan sabon ake warwarewa. Mai barcin awa 5 da ke kwanciyar awa 9, ana rage masa zuwa 5 da rabi, a riƙa ƙara minti 15 duk makon da barcin ya daidaita. Makon farko akwai wuya, a nan mutane da yawa ke karaya. Mai farfaɗiya da direba kada su gwada wannan ragin sai da likita.

Goro, shayi da kofi a bar su daga azahar, domin rabin sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yana nan a jiki bayan kamar awa 5. Ƙailula kada ta wuce minti 30.

Wanda ya fara jin gara mutuwa, ko yake kwanaki ba barci ba gajiya sai yawan surutu, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a ranar: akwai na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, Kaduna