A ba wasan hurling wuri a filin wasanni

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan abokan aikinka, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga garin Ennis a ƙasar Ayalan, inda Allah Ya ajiye ni shekaru da dama. Ba na bari filinku na wasanni ya wuce ni. Sai dai kullum zancen bai wuce gasar Firimiya da ta zakarun Turai ba. Ina roƙon ku ware ko da minti goma ku ba masu sauraro labarin hurling, ƙwallon sanda na mutanen wannan ƙasa, musamman gasar shekarar 2013 wadda na gani da idona, kuma har yau ba ta fita daga raina ba.

Wasan na mutum 15 ne kowane ɓangare, ana yin minti 70. Kowa yana riƙe da sanda mai faɗin kai, ga ƙwallo ƙarama ta fata mai tauri, wadda ake dukanta a ƙasa ko a sama, ko a ɗora ta a kan sandar a yi ta gudu da ita. In ta shiga raga maki 3, in ta bi ta saman ƙarfen raga tsakanin sandunan nan biyu maki 1. Ƙungiyar GAA da aka kafa a garin Thurles a 1884 ita ke kula da shi. Abin da ya fi kama ni shi ne ba a biyan ɗan wasa albashi, ba a kuma saye ko sayar da shi. Gundumar da ka fito ita kake bugawa. Wanda ka gani a talabijin ranar Lahadi gaban mutum 80,000, ranar Litinin zai iya zama shi ne malamin ɗanka a makaranta, ko ma'aikacin banki, ko manomi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka san yadda jiha ke tashi tsaye bayan ɗan kokawarta a gasar takobi za su gane irin wannan kishi nan take.

Kafin 2013, gundumar Kilkenny ce ta kankane gasar. Ita ta ɗauki kofin Liam MacCarthy, wato kofin zakarun ƙasar baki ɗaya, a 2011 da 2012, bayan ta jera shi sau huɗu daga 2006 zuwa 2009. Amma wannan shekarar sai reshe ya juye da mujiya. Dublin ta doke ta, ta je ta lashe kofin lardin Leinster karo na farko tun 1961. Limerick ta ɗauki na lardin Munster, wanda rabonta da shi tun 1996. Cork kuma ta ƙarasa fitar da Kilkenny a Thurles, a wasan da aka kori babban gwarzonta Henry Shefflin daga fili.

Ita kuwa Clare, gundumar da nake zaune, ba wanda ya sa ta a lissafi. Yara ne matasa, mai horar da su Davy Fitzgerald, tsohon mai tsaron ragarsu, mutum mai zafin zuciya wanda ba ya iya zama wuri ɗaya in ana wasa. Cork ta doke su a Munster a watan Yuni da maki 23 da 15. Sai suka bi ta ƙofar baya da ake ba waɗanda suka faɗi, suka kawar da Laois da Wexford da Galway, sannan Limerick, har suka sake haɗuwa da Cork ɗin a wasan ƙarshe a filin Croke Park na Dublin ranar 8 ga Satumba.

Malam, ranar nan garin Ennis kamar an share shi. Clare ce ke gaba kusan duk wasan, amma Cork ta zura ƙwallo uku a raga, ana gab da tashi Patrick Horgan ya sa ta gaba da maki ɗaya. A gidan maƙwabcina da na kalli wasan, uwar gidan ta riga ta rufe fuska da hannu. Sai ga mai tsaron baya, Domhnall O'Donovan, wanda bai taɓa cin ko maki ɗaya a gasar ba, ya baro wurinsa ya hauro gaba, ƙwallo ta zo hannunsa, ya daki ta yana faɗuwa, ta bi ta sama. Maki 25 da 25. Dattijon gidan, mai shekara fiye da 70, ya rungume ni yana hawaye, ni da ban daɗe da sanin dokokin wasan ba.

Aka sake karawa ranar Asabar 28 ga Satumba da yamma, fitilu a kunne, mutum sama da 82,000 a fili. Ana saura 'yan sa'o'i a fara aka gaya wa wani yaro ɗan shekara 19, Shane O'Donnell, cewa da shi za a soma. Ɗan nan Ennis ne, kuma a lokacin ɗalibi ne a jami'ar Cork, garin abokan hamayya. Kafin a cika minti 20 ya zura ƙwallo uku a raga. Cork ba ta karaya ba, ta biyo har ta kamo su, mai tsaron ragarta Anthony Nash ma ya tako tun daga gidansa ya zo ya ci da bugun tazara. Amma Conor McGrath da Darach Honan suka ƙara biyu, aka tashi maki 31 da 25. Kofi na huɗu ke nan ga Clare, bayan na 1914 da 1995 da 1997. Tony Kelly, shi ma matashi, ya zama gwarzon shekara na manya da na matasa a lokaci guda.

A ganina, matasanmu da ke kwana musu kan kuɗin da aka sayi wane da wane suna da buƙatar jin cewa akwai inda ake cika fili maƙil don 'yan wasan da ba a ba su ko sisi. Kuma hukumar UNESCO ta sa hurling cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2018, wanda ya kamata ya sa mu tambayi kanmu ina muka kai dambe da langa.

In kun amince, ku haɗa da wasan ƙarshe na 2024, inda Clare ta sake doke Cork da maki ɗaya tal bayan ƙarin lokaci. O'Donnell da Kelly duk suna cikin fili a ranar, shekara 11 bayan wancan wasa.

Allah Ya ƙara basira. Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga Ennis, ƙasar Ayalan