Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaba Putin: Har Yanzu Ba Ka Tuna Sunansa Ba?

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri.

A watan Mayun 2010, kana firaminista, a wata liyafa a birnin St. Petersburg, wani mai gemu da tabarau ya yi maka tambaya kan 'yancin 'yan jarida da na zanga-zanga. Ka katse shi, wai yaya sunansa. Ya ce Yura, mawaƙi. Aka yi ta dariya a ƙasar, don ko direban tasi ya san Yuri Shevchuk na ƙungiyar mawaƙa ta DDT. Ni ma da karatu ya kai ni ƙasarku, a ɗakin kwanan ɗalibai na fara jin muryarsa, a wata tsohuwar rediyo mai kaset da sai an tokare murfinta da tsinken ashana. A wancan zaman liyafar ne ka ce da bakinka ƙasar ba ta da makoma idan babu dimokuraɗiyya. Magana zarar bunu ce, ranka ya daɗe.

To, ranar 18 ga Mayun 2022, Shevchuk ya tsaya gaban dubban mutane a Ufa, garin da aka kafa ƙungiyarsa, ya ce samarin Rasha da na Ukraine suna mutuwa a banza. Ya ƙara da cewa ƙasar haihuwa ba mazaunan shugaba ba ne da za a yi ta sumbata. Ya ce ƙasar haihuwa ita ce tsohuwar nan matalauciya mai sayar da dankali a tashar jirgi. Yana sauka daga dandamali 'yan sanda suka tsare shi da tambayoyi. A watan Agusta kotu ta ci shi tarar rubul 50,000, wai ya zubar da mutuncin soja. Aka bi wasanninsa ana sokewa, har da na Mosko.

Wane sojan ya zubar wa mutunci? Mutumin da a 1995 ya saɓi jitarsa ya tafi Chechniya, ya rera wa yaran da aka tura bakin daga waƙa a cikin taɓo da ƙarar bindiga? Masu sa hannu a takardar tuhumarsa, nawa ne a cikinsu suka taɓa leƙa can? Tun zamanin yaƙin Afghanistan yake roƙon kada a yi harbi. Bai canza ba, gwamnatoci ne suka yi ta canzawa a kansa. Kuma bai gudu ba, yana nan cikinku da furfurarsa.

Abin ya ba ni mamaki: ƙasa mai makaman nukiliya tana tsoron dattijo da jita. Sashe na 29 na kundin tsarin mulkinku ya haramta toshe bakin mutane, ko shi ma an ci shi tara ne ba mu ji ba? Ga mawaƙi Boris Grebenshchikov an laƙaba masa "ɗan koren ƙasashen waje", mawaƙiya Alla Pugacheva ta bar ƙasar. Waɗannan ma dai.

Don Allah, ranka ya daɗe, a soke dokar nan ta Maris 2022 da ta mai da kalmar "yaƙi" laifi, a buɗe wa Shevchuk zaurukan wasa. Iyayen yaran da ake dawo da su cikin akwatuna suna buƙatar wanda zai furta abin da ke cin zuciyarsu. Idan kuma sunan ya sake kwance maka, tambayi direbanka.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi, daga Kano