Kukan jariri da magariba: a daina ɗura musu jiƙo

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu jego. 'Yata ta fari tun tana da sati uku, da an idar da sallar magariba sai ta fara tsala kuka, ta naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi jawur, har goman dare. Maƙwabta kowa da maganinta: wannan ta ce jiƙo, waccan ta ce a lasa mata zuma. Ungozomar asibiti ce ta hana ni. Ta ce nono zalla har wata 6, zuma kuwa sai yaro ya cika shekara, domin tana iya jawo masa cuta mai shanye jiki.

Bayan ta ƙoshi, nakan ɗora ta a kafaɗa ina shafa bayanta har ta yi gyatsa, sannan in rungume ta ina zagaya tsakar gida ina rarrashi. Da ta kai wata huɗu kukan ya lafa.

Don Allah 'yar'uwa, in kin gaji, miƙa shi ga babansa ko kakarsa. Kada ki girgiza shi da ƙarfi, yana lahanta ƙwaƙwalwa. In jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi nono, garzaya asibiti a daren.

Taku,
Wata uwa daga Zariya